Mahaɗan Fita da Matsayin Shafi a Injin Bincike: Shin Kyauta Tana Rage Dukiya?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa rubuta tambaya a Google, wanda wasu ke yi wa kirari da matambayi ba ya ɓata, ya san cewa amsoshi a jere suke zuwa, wani shafi a sama, wani a ƙasa, kuma galibin mutane ba sa wuce 'yan na saman nan. Saboda haka matsayin da shafi ya samu a cikin wannan jeri ba ƙaramin al'amari ba ne. Ga ɗan kasuwa ciniki ne, ga jarida masu karatu ne, ga jami'a kuwa shi ne ke sa duniya ta san binciken malamanta ko ya zauna a ɓoye. Mai neman bayani a kan wata cuta ko wani magani kuma, abin da ya fara cin karo da shi yana iya shafar lafiyarsa.

A tsakanin masu gina shafukan intanet akwai wata tsohuwar gardama da har yanzu ba ta mutu ba. Wasu suna ganin cewa duk lokacin da ka sanya a shafinka wata hanya da za ta kai mai karatu shafin wani, to ka huda tulunka ne, darajar shafinka za ta tsiyaye zuwa can. Wasu kuma suna ganin akasin haka, wato idan ka yawaita nuni zuwa ga shafukan manyan jami'o'i da hukumomi, injin bincike zai ɗauke ka mai gaskiya, ya ɗaga ka sama. Wannan maƙala za ta duba inda kowane ɓangare ya samo hujjarsa, da abin da lissafi da gwaji suka nuna. Mai karatu zai kuma ga cewa batun yana da dangantaka ta kusa da ilimin halittu fiye da yadda ake zato.

Mene Ne Mahaɗi?

A shekarar 1989 ne Tim Berners-Lee, wani masani ɗan Ingila da ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a kusa da birnin Janeba, ya gabatar da shawarar tsarin da muke kira yanar gizo a yau. Ginshiƙin tsarin shi ne mahaɗi, wanda wasu marubuta kan kira rariyar liƙau. Shi ne kalma ko jimla ko hoto da ake latsawa a wani shafi, sai a tsinci kai a wani shafin daban. Tarin shafukan da ke ƙarƙashin adireshi ɗaya, na mutum ɗaya ko hukuma ɗaya, shi ne za mu riƙa kira gida a cikin wannan maƙala.

Idan muka tsaya a gida ɗaya muka duba, za mu ga mahaɗai iri uku. Akwai mahaɗin cikin gida, wanda ke kai mutum daga wannan shafi zuwa wancan ba tare da ya bar gidan ba. Akwai mahaɗin shiga, wato wanda wani gida ya sanya yana nuni zuwa gare ka. Sai kuma mahaɗin fita, wanda kai ka sanya kana nuni zuwa ga gidan wani. Ya kamata a lura cewa mahaɗin fita da na shiga abu ɗaya ne aka kalla ta fuska biyu, domin abin da ya fita daga gidanka shi ne ya shiga gidan maƙwabcinka.

Injin bincike yana da wata manhaja mai rarrafe, wadda ke bin mahaɗai daga shafi zuwa shafi dare da rana, tana kwafo abin da ta tarar. Ta wannan hanya ce injin ke gano yawancin sababbin shafuka. Ke nan amfanin farko na mahaɗin fita shi ne yana nuna wa injin hanyar zuwa gidan da aka ambata.

Daga Mujallun Kimiyya Zuwa Google

Injinan bincike na tsakiyar shekarun 1990, irin su Lycos da AltaVista, sun fi dogara ne ga kalmomin da ke cikin shafi wajen jera amsoshi. Ba a daɗe ba masu wayo suka gane lagonsu, suka shiga cusa kalma ɗaya sau ɗaruruwa a ƙasan shafi, wani lokaci da farin rubutu a kan farin fili yadda ido ba zai gani ba. Ya zama dole a nemo wata shaida wadda ba daga bakin mai shafin ta fito ba.

Masana kimiyya sun daɗe da irin wannan shaida. Al'adarsu ce duk wanda ya rubuta maƙala ya ambaci ayyukan da ya dogara da su. A shekarar 1955 Eugene Garfield, wani masani ɗan Amurka, ya ba da shawara a mujallar Science cewa a riƙa tattara waɗannan ambato a kundi, domin a san aikin wa aka fi komawa gare shi, kuma a 1964 cibiyarsa da ke Filadelfiya ta fara fitar da kundin Science Citation Index. A 1976 Gabriel Pinski da Francis Narin suka ƙara wani mataki, inda suka nuna cewa ba duka ambato ne nauyinsu ɗaya ba, domin ambaton da ya fito daga mujallar da ita ma ake yawan ambata ya fi wanda ya fito daga wadda ba a kula da ita.

Wannan tunani ne ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford, Larry Page da Sergey Brin, suka ɗora a kan yanar gizo tun daga 1996, a wani aiki da suka fara kira BackRub. A 1998 suka gabatar da maƙala a wani taro a birnin Brisbane na Ostireliya, suka bayyana injinsu mai suna Google, wanda a lokacin ya tattara shafuka miliyan 24. Sun kira tsarin lissafinsu PageRank. Sun kuma bayyana cewa kalmomin da aka rubuta a jikin mahaɗi ana lissafa su a matsayin bayani a kan shafin da aka yi nuni gare shi. Wato tun daga farko, wanda ya fi cin moriyar mahaɗin fita shi ne wanda aka ambata.

Yadda Lissafin Yake Aiki

Bari mu kwatanta da mai lambu a fadama. Ruwa yana shigo masa ta babbar magudana, shi kuma ya rarraba shi zuwa fangalai. In fangali biyu ya buɗe wa, kowanne zai sami rabi, in kuwa goma ne, kowanne zai sami kashi ɗaya cikin goma. Yawan fangalan da ya buɗe bai rage ruwan da ya shigo masa daga sama ba, abin da ya sauya shi ne rabon da kowane fangali ya samu. Haka PageRank yake. Makin shafi yana zuwa ne daga shafukan da suka yi nuni gare shi, sa'an nan shi ma ya rarraba abin da zai bayar daidai-wa-daida tsakanin dukkan mahaɗan da ke jikinsa, na cikin gida da na fita.

Sai dai shafi ba ya miƙa makinsa duka. Page da Brin sun ƙaddara wani mutum da ke yawo barkatai a yanar gizo. A kowane shafi ya isa, yiwuwar ya latsa ɗaya daga cikin mahaɗan da ya gani ita ce kashi 85 cikin 100, yiwuwar ya gaji ya yi tsalle zuwa wani shafi ko wanne ne a duniya kuma kashi 15 cikin 100. Makin shafi shi ne gwargwadon yawan lokacin da wannan mutum zai shafe a kansa idan ya yi ta yawo ba iyaka. A rubuce, makin shafi daidai yake da 0.15, a tara da 0.85 sau jimillar rabon da ya samu daga masu nuni gare shi.

Ga misali da mai karatu zai iya gwadawa da alƙalami. A ce duniya shafuka huɗu ce kacal. Gida na farko yana da shafi A da shafi B, kowanne yana nuni ga ɗan'uwansa. Gida na biyu yana da C da D, su ma haka. A wannan hali makin kowane shafi 1 ne. To, sai mai gida na farko ya ƙara mahaɗin fita ɗaya daga A zuwa C. Yanzu A yana raba abin da zai bayar gida biyu, rabi ga B, rabi ga C. Idan aka maimaita lissafin har ya daidaita, A zai sauko zuwa 0.43, B zuwa 0.33, C zai hau zuwa 1.67, D kuma 1.57. Jimilla tana nan 4 kamar da, amma ta koma gida na biyu.

A nan masu cewa tulu yana yoyo suka samo hujjarsu, kuma a fagen lissafi suna da gaskiya. Amma a lura da hanyar da asarar ta bi. Shafi A bai yi asara don ya bayar ba, ya yi ta ne domin rabon B ya ragu, shi kuma B ya mayar masa da abin da bai kai na da ba. Bugu da ƙari, misalin ya yi tsanani ne saboda ƙanƙantar gidan. Mu ɗauki gida mai shafuka 50, inda babban shafi ke nuni ga sauran 49, su kuma kowanne yana nuni gare shi. Idan aka ƙara wa babban shafin mahaɗin fita ɗaya, makinsa zai sauko daga 23.1 zuwa 21.9, wato ragin kusan kashi 5 cikin 100. A gidaje na gaske, inda kowane shafi ke ɗauke da mahaɗan cikin gida masu yawa, mahaɗin fita ɗaya a cikin wata maƙala bai kai ko wannan ba.

Shafin da ya ƙi nuni ga kowa fa? Shi ma ba ya riƙe komai. Mutumin nan mai yawo in ya iso lungun da ba ya ɓullewa, tsalle yake yi ya tafi wani wuri, don haka a lissafi akan rarraba rabon irin wannan shafi ga dukkan shafukan duniya.

Kamanci da Sarƙar Abinci

Ɗalibin ilimin halittu ba zai ji wannan bayani baƙo ba. A cikin daji ciyawa tana karɓar kuzari daga hasken rana, fara ta ci ciyawa, ƙadangare ya ci fara, shaho ya ci ƙadangare. A 1942 aka wallafa aikin Raymond Lindeman, wanda ya yi nazarin wani ɗan tafki a jihar Minesota ta Amurka, ya nuna cewa kuzari yana raguwa a kowane mataki na wannan sarƙa. Daga aikinsa ne aka samo ƙa'idar nan da ake koyarwa cewa kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai ke haurawa zuwa mataki na gaba. A PageRank kashi 85 ne ke haurawa, amma ƙa'idar ɗaya ce. Bayan taki biyu saura kashi 72, bayan biyar saura 44, bayan goma kuwa bai cika 20 ba.

Kamancin ya wuce na fatar baki. A 2009 Stefano Allesina da Mercedes Pascual suka wallafa bincike a mujallar PLoS Computational Biology, inda suka ɗauki lissafin PageRank suka ɗora a kan sarƙoƙin abinci na wurare daban-daban. Ƙa'idarsu ita ce, halitta tana da muhimmanci idan halittu masu muhimmanci sun dogara da ita wajen rayuwa. Don lissafin ya zagaya, sun ƙara wata gaɓa da ke wakiltar ruɓaɓɓun abubuwa, domin kowace halitta tana fitar da kashi, tana kuma mutuwa, abin da ya ruɓe ya koma ya ciyar da tsirrai. Da wannan suka iya gano halittun da ɓacewarsu za ta fi saurin rusa muhallin gaba ɗaya. Darasin da ke nan shi ne, a cikin tsari irin wannan darajar kowace gaɓa daga kewayawar abu take samuwa. Da a ce kowane mai gida ya toshe mahaɗan fitarsa, da babu wanda zai sami mahaɗin shiga, da kuma babu makin da za a yi rowarsa.

Yadda Rowa Ta Kasa Biyan Bukata

Da mutane suka fahimci cewa mahaɗi yana ɗauke da maki, sai ya zama haja. A shekarar 2000 Google ya fitar da wata 'yar manhaja da ke nuna makin kowane shafi daga 0 zuwa 10, abin da ya sa aka sami farashin saye da sayarwa. Wasu kuma suka shiga watsa adireshinsu a duk wurin da aka bar wa baƙi damar rubutu. Domin maganin wannan, a watan Janairu na 2005 Google da Yahoo da MSN suka amince da wata alama mai suna nofollow. Idan mai gida ya liƙa ta a jikin mahaɗi, yana gaya wa injin cewa mutane suna iya bi, amma shi bai tsaya wa wancan shafi ba, kada a miƙa masa maki. A 2007 Wikipedia ta Ingilishi ta liƙa wannan alama a kan mahaɗan fitarta.

Nan da nan masu rowa suka mayar da alamar abin tare ruwa. Idan shafi yana da maki 10 na bayarwa da mahaɗai 10, sai su liƙa nofollow a kan biyar, domin sauran biyar ɗin da suke so su sami maki bibbiyu. A watan Yuni na 2009 Matt Cutts, wanda ke shugabantar sashen yaƙi da maguɗi na Google a lokacin, ya bayyana cewa an sauya lissafin tun fiye da shekara guda kafin nan. A sabon tsarin ana raba makin ne da dukkan mahaɗai goma, biyar ɗin da aka bari su sami ɗaiɗai, rabon biyar ɗin da aka toshe kuma ya bi iska. Wato an fi shekara masu wannan dabara suna wahala ba tare da sun lura ta daina aiki ba.

Abubuwa sun ci gaba da sauyawa. A 2010 aka ba Google takardar mallakar wata fasaha da ke bai wa mahaɗai nauyi daban-daban gwargwadon yiwuwar a latsa su, yadda mahaɗin da ke tsakiyar rubutu zai fi wanda aka ɓoye a can ƙasan shafi. A 2016 aka daina nuna wa jama'a makin nan na 0 zuwa 10. A watan Satumba na 2019 aka ƙara alamomi biyu, sponsored don mahaɗin talla ko wanda aka biya kuɗi, da ugc don wanda baƙi suka rubuta, aka kuma sanar cewa dukkan alamomin uku sun zama shawara ga injin, yana iya bi, yana iya ƙi. Google ya ce PageRank yana nan cikin tsare-tsarensa, amma ya sauya sosai daga na 1998, kuma ɗaya ne kawai daga cikin ma'aunai masu yawa.

Zama da Maɗaukin Kanwa

Masu iya magana sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mai gida ba shi da iko a kan wanda ya yi nuni gare shi, amma yana da cikakken iko a kan wanda shi ya yi nuni gare shi. Saboda haka mahaɗin fita shaida ce a kan halin mai gida. A 2004 Zoltán Gyöngyi da Hector Garcia-Molina na Jami'ar Stanford, tare da Jan Pedersen na kamfanin Yahoo, suka bayyana wani tsari mai suna TrustRank, wanda suka gina a kan lura da cewa shafukan kirki ba kasafai suke nuni ga na banza ba. Ana farawa da 'yan gidaje kaɗan da mutane suka tantance da ido, sai amana ta gangara daga gare su ta cikin mahaɗai, tana raguwa a kowane taki. Cutts ma, a cikin bayanin nan nasa na 2009, ya ce Google yana rage yarda da gidan da ke nuni ga gidajen maguɗi, kuma wasu sassan tsarinsa suna ƙarfafa nuni ga gidajen kirki.

A nan ne mahaɗin fita ke da tasirin da babu gardama a kansa, wato wajen cutarwa. Ƙa'idojin Google sun hana sayar da mahaɗi mai miƙa maki, sun kuma hana yawaita musayar yi-mini-in-yi-maka. A watan Oktoba na 2007 aka ga makin gidaje da dama ya faɗi, har da na wasu manyan jaridu, aka kuma danganta hakan da sayar da mahaɗai. A watan Afrilu na 2012 aka fito da tsarin Penguin domin farautar mahaɗan maguɗi, a watan Disamba na 2022 kuma aka sanar cewa wani tsari mai suna SpamBrain yana gano masu saye da masu sayarwa, yana soke amfanin mahaɗansu. Har ila yau ma'aikatan kamfanin suna iya hukunta gida da hannu idan suka ga mahaɗan fitarsa ba na gaskiya ba ne. Wani lokaci ma mai gidan bai sani ba, domin ɓarayin intanet kan kutsa cikin gidajen makarantu da hukumomi su dasa ɓoyayyun mahaɗai zuwa gidajen caca da na jabun magunguna.

To, Yana Ɗaga Shafi Kuwa?

Masu cewa mahaɗin fita yana ɗaga shafi su ma ba su rasa madafa ba. A 1998 Jon Kleinberg, masanin kwamfuta na Jami'ar Cornell, ya gabatar da wani tsari mai suna HITS, wanda ke ba kowane shafi maki biyu. Akwai makin madogara, na shafin da ke ɗauke da ilimin kansa, da makin jagora, na shafin da ya san inda ilimin yake. Jagora nagari shi ne mai nuni ga madogarai nagari, madogara nagari kuma shi ne wanda jagorori nagari ke nuni gare shi. A wannan tsari, mahaɗin fita mai kyau yana ƙara wa shafi maki kai tsaye. Sai dai wannan ba shi ne tsarin da Page da Brin suka gina Google a kai ba.

A 2016 wani kamfanin talla na Ingila mai suna Reboot ya yi wani gwaji. Ya ƙirƙiri wata kalma da babu ita a ko'ina, ya buɗe sababbin gidaje goma, kowanne da gajeren rubutu a kan kalmar. Biyar daga ciki aka sa musu mahaɗan fita zuwa Jami'ar Oxford da ta Cambridge da wata cibiyar binciken ƙwayoyin gado, biyar kuma aka bar su haka. Da aka nemi kalmar a Google, sai masu mahaɗan suka kasance a sama da marasa su. Tsarin gwajin ya yi kama da wanda muke yi a ɗakin bincike, inda ake ba rukuni ɗaya magani a bar ɗaya don kwatance. In da sa'a ce kawai, yiwuwar biyar ɗin su jeru duka a saman 'yan'uwansu ɗaya ce cikin 252.

Duk da haka, mai nazarin halittu ya san cewa tsiron da ya yi kyau a cikin kwalba, inda babu ciyawa kuma babu ƙwari, ba lallai ne ya yi haka a gona ba. Gidajen nan goma sababbi ne, babu mai nuni gare su, kalmar kuma ba ta da mai takara. Inda komai ya zo daidai, ɗan ƙaramin bambanci ya isa ya raba gardama, amma a kasuwa ta gaske, inda wani gida ke da dubban mahaɗan shiga, wannan bambanci yana iya nutsewa. A cikin shekarar ce kuma John Mueller, ɗaya daga cikin masu magana da yawun Google a kan harkar bincike, ya bayyana cewa mahaɗin fita shi kaɗai ba ma'aunin matsayi ba ne a wurinsu, sai dai yana iya ƙara wa rubutu amfani, amfanin rubutu kuwa abu ne da suke dubawa. Idan aka haɗa wannan da sakamakon gwajin, abin da za a iya cewa shi ne: in akwai riba ta kai tsaye, 'yar kaɗan ce. Riba mai kauri tana zuwa ne a kaikaice, domin rubutun da ya nuna madogararsa shi ne mutane suka fi yarda da shi, su koma gare shi, su kuma yi nuni gare shi daga gidajensu.

Ruɓewar Mahaɗai

Akwai wata matsala da ba a cika kula da ita ba, wato mahaɗi ma yana mutuwa. Gidaje suna rufewa, ana sauya adireshi, ana goge shafuka. Wani bincike da Cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2024 ya gano cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da suke nan a 2013 ba a iya samun su bayan shekara goma. Ya kuma gano cewa kashi 54 cikin 100 na shafukan Wikipedia da aka duba suna da aƙalla mataccen mahaɗi ɗaya a cikin jerin madogararsu. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne adireshin da wa'adinsa ya ƙare wani ya saye shi. Mahaɗin da ka sanya shekara biyar da suka wuce zuwa gidan wata ƙungiyar kiwon lafiya yana iya zama yau gidan caca yake kai mutane, kai kuwa ba ka sani ba. Ma'ajiyar Wayback Machine, wadda aka buɗe wa jama'a a 2001, tana adana tsofaffin kwafen shafuka, ana kuma iya mayar da mataccen mahaɗi zuwa gare ta.

Abin da Ya Kamata Mai Shafi Ya Yi

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da shawarwari kamar haka. Na farko, duk inda ka kawo adadi ko da'awa, ka yi nuni ga asalin inda ta fito, kamar yadda mai rubuta maƙalar kimiyya ke yi. Na biyu, ka karanta shafin kafin ka tura mutane can, domin nuni tsaya wa mutum ne. Na uku, kalmomin da ke jikin mahaɗi su faɗi abin da za a tarar, maimakon a rubuta "latsa nan" kawai. Na huɗu, duk mahaɗin da aka biya ka kuɗi ko aka ba ka kaya saboda shi, ka liƙa masa alamar sponsored ko nofollow, wanda baƙi suka rubuta kuma ka liƙa masa ugc. Na biyar, kada ka liƙa nofollow a kan komai da komai don rowa, domin rabon da ka hana wani ba zai dawo gare ka ba. Na shida, ka riƙa bin tsofaffin shafukanka lokaci-lokaci kana cire matattun mahaɗai da waɗanda suka sauya hannu.

Kammalawa

A taƙaice, kowane ɓangare na gardamar nan ya kama wani yanki na gaskiya ne ya zuzuta shi. Mahaɗin fita yana raba abin da shafi ke bayarwa, amma ragin da gida mai shafuka da yawa ke samu bai taka kara ya karya ba. Nuni ga manyan jami'o'i kuma ba laya ba ce da za ta ɗaga rubutu maras amfani. Inda tasirin ya fi bayyana shi ne wajen cutar da nuni ga gidajen maguɗi da sayar da mahaɗai ke jawowa. Saboda haka tambayar da ta dace mai shafi ya yi wa kansa kafin ya sanya kowane mahaɗi ita ce, shin mai karatu zai ƙaru idan ya bi wannan hanya? Wannan ya fi zama wajibi ga masu rubutu da Hausa, musamman a fannin kimiyya da lafiya, inda shafukan da ake da su ba su da yawa. Duk lokacin da wani ingantaccen shafin Hausa ya yi nuni ga wani irinsa, ya nuna wa injin bincike hanyar zuwa can, ya kuma sauƙaƙa wa ɗalibin da ke neman ilimi da harshensa.